Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Tsakanin Mai Jifa Da Mai Duka A Wasan Kurket

Na san da yawa za su yi mamakin ganin sunan kurket a saman wannan rubutu, domin an saba ji na a labarin soyayya da rikicin kishiyoyi, ba a filin wasa ba. To, a yi mini uzuri. Abin ne ya tare ni a hanya, kuma tun ranar ya ƙi barin zuciyata, shi ya sa na ga gara in amayar da shi kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Kwanakin baya na shiga motar haya daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, za ni ɗaurin auren ƙanwar wani abokina. Kusa da ni a kujerar baya akwai wani saurayi da ya yi karatun haɗa magunguna a Indiya, ya ƙura wa wayarsa ido ko ƙiftawa ba ya yi. A gefensa kuma wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ya daɗe da yin ritaya. Ba mu yi nisa ba sai dattijon ya leƙa wayar ya ce, "Samari, kurket nake gani ko idona ne?"

Saurayin ya ce, "Shi ne, Baba. Ashe kun san shi?"

Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Tun ba a haife ka ba na riƙe ƙwallon nan a makaranta. Su wa ke yi?"

Ashe maimaici yake kallo na wasan ƙarshe na gasar duniya da aka yi a filin Lord's na Landan a watan Yunin 2025, wanda Afirka ta Kudu ta doke Ostireliya. Saurayin ya ce ai Aiden Markram ne ya ciwo wa Afirka ta Kudu kofin nan, tunda shi kaɗai ya tara maki 136 a zubi na biyu, kuma shi aka ba kyautar gwarzon wasa. Dattijo ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ka manta a zubin farko ko maki ɗaya bai samu ba aka fitar da shi? Wa ya riƙe Ostireliya har ya samu damar dawowa? Kagiso Rabada ne, wanda ya fitar da mutum tara a wasan." Nan fa gardama ta kaure. Har muka wuce Babaldu ba wanda ya saurara wa wani, sai da direba ya ce, "Don Allah Baba, duk wannan ɗaga murya a kan wasan da ake yi da muciya ne?" Mota ta kwashe da dariya.

Ni dai ban ce uffan ba a lokacin, amma a raina ina bayan dattijo, kuma yau zan faɗi dalilina.

Kafin nan bari in ɗan warware wa wanda bai san wasan ba, don kada in yi ta zuba ana kallona. Ƙungiya biyu ce, kowace mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa da aka daddaɓe, tsawonsa yadi 22, an kafa 'yan turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai duka yana tsayawa a gaban turakun riƙe da katakonsa, wato muciyar da direba ya faɗa. Mai jifa kuma sai ya sheƙo da gudu ya wurgo wata ƙwallon fata mai tauri, nauyinta wajen giram 160, ta daki ƙasa ta taso. Idan mai duka ya make ta, shi da abokinsa sai su yi gudu tsakanin turakun, kowane zuwa maki ɗaya. In ta gangara ta fita iyakar fili maki huɗu ne, in ta sama ta fita ba ta taɓa ƙasa ba maki shida. Idan kuwa ta kuɓuce masa ta daki turaku, ko aka cafe ta a sama, ko ya tare ta da ƙafa alhali turaku ta nufa, to ya fita, sai wani ya shigo. Da zarar an fitar da mutum goma, zubin wannan ƙungiya ya ƙare, sai a yi musaya. Babban wasan shi ne wanda ake kira Tes, wanda aka fara a 1877 a birnin Melbon tsakanin Ostireliya da Ingila. A cikinsa kowace ƙungiya zubi biyu take yi, kuma akan kwana biyar ana fafatawa, ana tashi cin abinci da shan shayi a dawo.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙar. A wasan Tes, komai yawan makin da kuka tara, ba ku ci wasa ba sai kun fitar da abokan karawarku sau biyu, wato mutum 20 ke nan, sai fa idan kyaftinsu ne da kansa ya ce ya ƙoshi ya sallama zubinsa. Idan kwana biyar suka cika ba a kai ga haka ba, an tashi canjaras, ko da kun fi su da maki ɗari biyar. Ke nan mai duka yana iya hana a ci ku, amma mai jifa ne ke sa ku ci. Wannan ba ra'ayina ba ne, dokar wasan ce ta zo da haka.

Mu duba tarihi, tunda gani ya kori ji. A watan Afrilun 2004, a tsibirin Antigwa, Brian Lara na ƙungiyar Wes Indis ya tsaya kusan awa 13 yana dukan ƙwallon Ingila, ya tara maki 400 shi kaɗai ba a fitar da shi ba. Duniya ta ɗauka, jaridu suka cika da hotonsa. Amma yaya aka tashi wasan? Canjaras. Lokacin da ya rage bai ishi masu jifarsu su fitar da Ingila sau biyu ba. Haka a 1997 a Kolombo, Siri Lanka ta tara maki 952 a zubi ɗaya a kan Indiya, shi ma aka tashi ba kare bin damo. An cika rumbu maƙil, amma ba a ci tuwo ba.

Yanzu juya ɗaya ɓangaren. A 1956 a Manchesta, Jim Laker na Ingila ya fitar da mutum 19 daga cikin 20 na Ostireliya, maki 90 kacal aka samu a hannunsa, Ingila ta ci. A 1999 a Delhi, Anil Kumble ya fitar da duka mutum goma na Pakistan a zubi ɗaya, Indiya ta ci. A 2010 a garin Galle, Muttiah Muralitharan na Siri Lanka ya cika mutum 800 da ya fitar a rayuwarsa ta Tes da jifarsa ta ƙarshe, kuma ƙasarsa ta ci wannan wasa. Ita kanta Wes Indis ɗin su Lara, daga 1980 zuwa 1995 ba ƙasar da ta doke ta a jerin wasannin Tes. Tana da gwanayen duka irin su Viv Richards, gaskiya ne, amma abin da ya sa ƙasashe ke shakkar ta shi ne zaratan masu jifa da take jerowa huɗu-huɗu, irin su Michael Holding da Andy Roberts da Joel Garner da Malcolm Marshall, daga baya kuma Curtly Ambrose da Courtney Walsh. In wannan ya gaji wancan ya karɓa, mai duka ba ya samun sararin numfashi.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Kolkata a 2001. Ostireliya ta zo Indiya tana ɗauke da nasara 15 a jere, ta ƙara ta 16 a Mumbai, kuma a Kolkata ma ta kama hanyar yi wa Indiya cin kaca. Sai V.V.S. Laxman da Rahul Dravid suka tsaya yini guda cur ba a fitar da ko ɗaya ba, Laxman ya tara 281, Dravid 180. Duk ɗalibin da ya zauna a Indiya zai ba ka wannan labari kamar a gabansa aka yi. Amma tambaye shi wa ya fitar da Ostireliya a ranar ƙarshe, sai ka ga ya ɗan yi jim. Wani yaro ne ɗan shekara 20 mai suna Harbhajan Singh, wanda ya fitar da mutum 13 a wasan, shida daga ciki a zubin ƙarshe. Ba don shi ba, da aikin su Laxman bai wuce tsira da mutunci ba.

A shekarar nan ta 2001 ne kuma fim ɗin Lagaan ya fito, wanda ta hanyarsa ne yawancinmu muka fara ganin kurket da idonmu. Kowa ya riƙe Bhuvan, wato Aamir Khan, da dukansa na ƙarshe da ya raba ƙauyen da haraji na shekara uku. Mutum nawa ne suka riƙe Kachra, talakan nan mai shanyayyen hannu da ake ƙyamar taɓawa, wanda ya fitar da Turawa uku a jere da jifa uku? Ko a fim ma kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan yi wa saurayin nan rashin adalci ba, domin shi ma yana da abin faɗa. Mai jifa in ya yi kuskure aka make ƙwallonsa ta fita fili, zai koma ya sake jefowa. Mai duka kuwa kuskure ɗaya tak ya ishe shi ya koma benci ya zauna, wani lokaci har kwana biyu yana cizon yatsa. Don Bradman na Ostireliya, wanda ake ganin ba a yi mai duka kamarsa ba, ya shiga zubinsa na ƙarshe a 1948 yana neman maki huɗu kacal don lissafinsa ya cika maki 100 a kowace fita. Jifa ta biyu Eric Hollies ya daki turakunsa, ya fita ba ko ɗaya, lissafin ya tsaya a 99.94 har abada. Tsayawa a gaban ƙwallon da ke tahowa da gudun da ya haura kilomita 140 a awa, daga safe har yamma, ba aikin rago ba ne. Sachin Tendulkar ya yi wasan Tes 200, ya ajiye katako a 2013 yana da maki 15,921, kuma duk wanda ya raina wannan bai san wasan ba.

Haka kuma mai jifa shi kaɗai ba ya kai gari. A watan Disamban 2021 a Mumbai, Ajaz Patel na Niyu Zilan ya fitar da duka mutum goma na Indiya a zubi ɗaya, a garin da aka haife shi. Amma da masu dukan ƙasarsa suka shiga, maki 62 kawai suka iya haɗawa, Indiya ta lallasa su da ratar 372. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan na yarda. Abin da nake ja a kai shi ne rabon yabo. Idan mutum biyu suka ɗauki jinka, bai kamata a tafa wa ɗaya a manta da wanda ya ɗauki wajen da ya fi nauyi ba.

Nauyin kuwa a fili yake. A yini ɗaya na Tes akan yi jifa wajen 540. Mai jifar gudu yakan yi sama da ɗari daga ciki, kowace da sheƙowarta daga nesa, kuma doka ta hana shi lanƙwasa gwiwar hannu ya miƙe kamar mai jifan mangwaro, dole hannun ya zagayo ta sama. Shi ya sa ciwon baya da na gwiwa ba sa rabuwa da su. Ga kuma aikin ƙwaƙwalwa. Ƙwallon tana da ɗinki a tsakiya, sai a riƙa goge gefe ɗaya yana sheƙi a bar ɗayan ya ƙoje, don ta karkace a iska. Wasu kuma murza ta suke yi da yatsu ko da wuyan hannu, in ta daki ƙasa ta canza hanya, musamman a kwana na huɗu da na biyar lokacin da ƙasar ta tsattsage. Mai jifa yakan yi rabin awa yana ɗana wa mutum tarko, ya jefa biyar suna fita waje, ta shida ta shigo ciki. Mu marubuta mun san wannan, domin haka ake ƙulla labari. Mai jifa ne ke yin tambaya, mai duka amsa kawai yake bayarwa.

To me ya sa yabon ya karkata? Ina ganin abin gado ne. A Ingila, har zuwa 1962, 'yan kurket kashi biyu ne: 'ya'yan masu hali da ke wasa don nishaɗi, da talakawa da ake biya lada. Galibi 'ya'yan manya su ke riƙe katako su kuma yi kyaftin, talaka ya yi ta jifa yana zufa. Dubi abin da ya faru da Harold Larwood, wanda tun yana ɗan shekara 14 yake aiki a ramin haƙar kwal. A 1932 zuwa 1933 Ingila ta je Ostireliya, kyaftinta Douglas Jardine, wanda ya yi karatu a Oksfod, ya tsara dabarar auna jikin masu duka don a karya lagon Bradman. Dabarar mai haɗari ce, an ji wa mutane ciwo, ban kuma yaba ta ba. Larwood ya bi umarni, ya fitar da mutum 33, Ingila ta ci wasa huɗu cikin biyar. Da rigima ta tashi tsakanin ƙasashen biyu, sai hukumar wasan ta nemi Larwood ya sa hannu a takardar neman afuwa. Ya ƙi, ya ce shi umarni ya bi. Daga nan bai ƙara yi wa Ingila wasa ba.

Kada mu yi wa Turawa dariya, domin halin namu ne mu ma. Shiga kowane gidan kallon ƙwallo a Birnin Kudu ko Gwaram ka ji sunan wa ake kira, mai cin ƙwallo ne ko mai tsaron baya? Tun da aka fara ba da kyautar Ballon d'Or a 1956, sai a 1963 mai tsaron gida ya taɓa samu, wato Lev Yashin. A harkar fim ɗinmu jarumi ake sani, wanda ya kwana yana rubuta labarin kuwa sunansa yakan wuce a ƙarshe lokacin da 'yan kallo suka riga suka miƙe. A gidan biki amarya ake kallo, masu tuƙa tuwo suna bayan gida cikin hayaƙi. Mun saba yaba wanda ya bayyana, mu manta da wanda ya ɗauki wahala.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, tunda Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da ke buga Tes? Ruwanmu ya yi tsaki kuwa. Wasan nan ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1904 Legas ta kara da Gwalkwas, wato Gana ta yau. A Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗalibai sun yi kurket tare da wasan nan na dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Daga baya ne ƙwallon ƙafa ta zo ta cinye komai. A 2002 Nijeriya ta samu gurbi a matakin ƙasashe masu tasowa na hukumar kurket ta duniya. Sannan a watan Janairun 2025, a ƙasar Maleshiya, 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan a gasar cin kofin duniya ta gajeren wasa. Mai karatu, ka san yadda suka ci? Maki 65 kawai suka tara, abin da kowa zai ce ba zai isa ba, amma masu jifa da masu tare ƙwallo suka riƙe Niyu Zilan a 63. Babbar nasarar da ta sa duniya ta waiwayo mu, riƙewa ce ta kawo ta.

Darasin da na ɗauka shi ne, idan har muna son wasan nan ya dawo makarantunmu, to ta wajen mai jifa za a fara. Mai duka yana bukatar katako na musamman da ake shigowa da shi daga waje, da hular kwano, da safar hannu, da makarin ƙafa, kaya masu tsada. Mai jifa ƙwallo ɗaya da turaku uku sun ishe shi. A Pakistan yara ƙwallon tanis suke naɗewa da salatif su yi ta jifa a lungu, kuma daga nan gwanayensu da yawa suka taso. Makhaya Ntini na Afirka ta Kudu kiwon shanu yake yi a ƙauyen Mdingi, ko takalmin wasa ba shi da shi, lokacin da wani jami'in neman yara masu baiwa ya gan shi. A 1998 ya zama baƙar fata na farko da ya yi wa ƙasarsa wasan Tes, ya kuma gama da fitar da mutum 390 a wasa 101. Yanzu don Allah, yara nawa ne irin Ntini ke bin shanu tsakanin Sara da Basirka? Nawa ne ke korar tsuntsu a gona da hannun da ba ya kuskure? Garin da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu take, wadda ta yaye mutane irin su Aliko Ɗangote, bai rasa fili ba, bai kuma rasa yara ba. Abin da ake bukata malamin wasanni ɗaya ne mai kishi, da 'yan ƙwallaye, da idon da zai gane baiwa a hannun ɗan talaka. Amma muddin mai riƙe katako kawai muke gani a matsayin gwani, to kowane yaro katako zai nema, in bai samu ba ya haƙura.

Da muka isa tashar Gwaram, na zaci kowa zai kama gabansa. Sai na ga saurayin nan ya tsaya wajen mai lemo ya sayi guda ɗaya, ya miƙa wa dattijo da hannu biyu ya ce, "Baba, don Allah ku nuna mini yadda ake riƙon nan na murzawa." Dattijo ya maƙale sandarsa a hammata, ya ɗora yatsu biyu a kan lemon, ya murza shi ya tashi sama yana juyawa, ya cafe. Yaran tasha suka taru suna kallo. Ya ce, "Ka gani, ɗana? Shekara uku na yi ina koyon wannan, kuma ba a taɓa ɗaga ni sama an zagaya fili da ni ba. Amma duk ranar da ban zo ba, ba ma ci."

Ni dai nan na bar su, domin an kusa ɗaura aure. Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, musamman 'yan uwanmu da suka zauna a Indiya ko Pakistan, ƙofa a buɗe take, ya kawo hujjarsa mu ji. Allah Ya ba mu ikon ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, amin. Wassalam.